Dokina yana ci yana ramewa, an ce mini sankarar kaluluwa ce

Wani bawan Allah daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya aiko da tambaya game da ingarmansa mai shekara 9, wanda ya saya a kasuwar Maigatari shekara huɗu da suka wuce. Ya ce tun bayan hawan Babbar Sallah dokin yake ramewa, ga harawa ga dusa ga dawa amma jiki sai zubewa yake. Ƙasan cikinsa ya kumbura har zuwa gabansa, wasu ƙululai sun fito a ƙarƙashin muƙamuƙi da gaban kafaɗa, ba sa zafi kuma sun ƙi fashewa. Zazzaɓi yakan zo ya tafi. An ba shi maganin tsutsa sau biyu, an yi masa allurar sammore, ba canji. Wani ma'aikacin dabbobi da ya duba shi ya ce yana zargin sankarar kaluluwa. Yana tambaya: ashe doki ma yana yin sankara? Za ta kama goɗiyar da ke turke ɗaya da shi? Tana da magani?

Malam, Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da shi. Na san abin da doki yake a gidan mai doki, kuma na san yadda rai ke ɓaci mutum ya fito da asuba ya ga haƙarƙarin dabbar da ya saba gani sumul sun fito ana iya ƙirgawa.

E, doki yana yin sankara, kuma wadda aka ambata maka ita ce ta fi yawa a cikin sankarorin jini da kaluluwa na dawaki. Likitoci suna kiranta limfoma. Wanda ya duba maka dokin bai yi maganar banza ba, don abubuwan da ka lissafa duk ana ganinsu a cikinta. Sai dai zargi ne ya yi, kuma ni ma daga nesa iyakata zargi. Wannan cuta ba ta da yawa, kuma a ƙasarmu akwai cututtuka da dama da suka fi ta yawa nesa ba kusa ba, masu zuwa da irin wannan kama, waɗanda kuma ake warkewa daga gare su. Kama da wane ba ta wane. Ba a yanke wa doki hukuncin sankara sai an yanko nama an duba a madubin likita.

Bari in fara da abin da cutar take. A jikin doki, kamar a jikin mutum, ban da hanyoyin jini akwai wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo cikin nama su mayar da shi cikin jini. A kan waɗannan hanyoyi akwai ƙananan ƙululai da ke tace ruwan, su ne idan mutum ya yi gyambo a ƙafa suke kumbura a matsematsinsa mu ce kaluluwa ta fito masa. A cikinsu wasu fararen ƙwayoyin jini suke zaune, masu yaƙi da cuta. Limfoma ita ce idan waɗannan ƙwayoyi suka fara hayayyafa ba tsayawa. Da yake babu inda ba sa zuwa a jiki, cutar tana iya tashi a kaluluwa, a saifa, a hanta, a bangon hanji, a cikin ƙirji, a fata, har a fatar ido ko cikin hanci. Shi ya sa ba ta da fuska ɗaya.

Ba cutar tsofaffi ba ce kawai, wannan yana ba mutane mamaki. A wani nazari da aka buga a 2013 kan dawaki 203 da aka tabbatar suna da ita, an samu daga dukushi ɗan wata 2 har tsoho mai shekara 31, matsakaicin shekarunsu kuwa wajen 10. Ka ga naka yana daidai tsakiyar lokacin. Ba ta zaɓar ingarma ta bar goɗiya.

Yadda take bayyana ya danganta da inda ta zauna. Wadda ta fi yawa ita ce mai bazuwa wurare da dama lokaci guda: rama, kasala, zazzaɓi mai zuwa da komawa, kumburin ƙasan ciki wanda in ka danna da yatsa zai loɓa ya bar gurbi, wani lokaci da kaluluwa a waje. Bayaninka ya fi kama da wannan. In ta zauna a hanji, bangon hanjin yakan yi kauri ya kasa tsotse amfanin abinci, sai doki ya riƙa ci kamar ba ya ci, ga murɗawar ciki jefi-jefi, wani da zawo wani babu. In a ƙirji take, ruwa yakan taru ya danne huhu, numfashi ya yi nauyi, jijiyoyin wuya su cika su miƙe, ƙirji da ƙafafun gaba su kumbura. Sai ta fata, wadda ita ce mai sauƙi a cikinsu: ƙululai da yawa a ƙarƙashin fata, gashi bai zube a kansu ba, ba ciwo, dokin kuma yana ci yana harkarsa. Waɗannan sukan ƙaru su ragu da kansu, har an sha ganin goɗiya ta ɗauki ciki su baje, ta haihu su dawo. Doki mai irin wannan yakan yi shekaru.

Wani abu da nake so ka riƙe: kaluluwar sankara yawanci tauri gare ta kamar roba, ba zafi, ba ta nuna, ba ta fashewa da mugunya. Wannan ne ya sa bayaninka ya tsaya mini a rai. Amma yawancin dawakin da ke da cutar ma ba a ganin kaluluwa a waje, abin yana can ciki.

Sankarar jini ta ainihi, wadda ake kira lukimiya, daban take kuma ta fi wannan ƙaranci sosai. Ita daga ɓargo take tashi, inda ake ƙera jini. Miyagun ƙwayoyi sukan cika ɓargon su hana shi aiki, sai jini ya yi ƙasa, dasashi ya yi fari fat, a ga ɗige-ɗigen ja a dasashi da cikin ido, haɓo ya riƙa zuwa, ƙaramin rauni ya ƙi daina jini, kowace cuta ta samu ƙofa. Mai saurin cikinta makonni take yi. Ana tabbatar da ita da gwajin jini da kuma zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙirji. Likitan dabbobi yana iya gama aikinsa bai ci karo da ita ba.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato abubuwan da ya kamata a kore kafin a kira sunan sankara.

Ka ce an yi allurar sammore. Tambayata ita ce, an ga ƙwayar cutar a jini kafin a yi, ko dai an yi ne a kan ƙila? Sammore a doki yana kawo rama, zazzaɓi mai zuwa da tafiya, ƙarancin jini da kumburin ƙasan ciki, sak abin da ka faɗa. Ba sai inda tsando yake ba; akwai nau'in da ƙudaje masu cizo ke ɗauka daga raƙuma zuwa dawaki, kuma ka san yadda raƙuma da dawaki ke cuɗanya a kasuwanninmu na kan iyaka da mashaya. Ƙwayar tana ɓuya, gwaji ɗaya yana iya fitowa ba komai, shi ya sa ake ɗibar jini ranar da zazzaɓi ya tashi, a kuma maimaita. Allura ɗaya da ba a auna da nauyin doki ba, ko maganin da ya sha rana a kan tebur a kasuwa, ba hujja ba ce cewa an kore sammore. In ƙara maka, maganin sammoren shanu da aka saba da shi yana da haɗari ga doki in an wuce ƙima, ba abin da za a yi ta maimaitawa ba ne.

Haka cutar da kaska ke sa wa, wadda ke fasa jajayen ƙwayoyin jini. Ta zama ruwan dare a dawakin Arewa. Mai tsanani tana sa ido da dasashi su yi rawaya kamar shawara, amma mai daɗewa rama da kasala kawai take kawowa. Maganinta daban da na sammore.

Ta ɓangaren ƙululai kuwa, abu biyu ne suka fi zuwa mini a rai. Na farko cutar nan ta maƙogwaro mai kama dawaki musamman ƙanana bayan an haɗu a taro irin na hawan Sallah ko kilisa: zazzaɓi, majina mai kauri, kaluluwar muƙamuƙi ta kumbura da zafi, bayan mako ɗaya ko biyu ta fashe. A wasu dawakin ƙwayar takan zarce ciki ta yi maruru a kaluluwar hanji, sai doki ya yi ta ramewa da zazzaɓi wata da watanni. Wannan ko likita yakan rikita shi da limfoma. Ka tuna ko dokinka ya yi majina bayan hawan, ko wani dokin da suka tsaya tare ya yi. Na biyu ita ce cutar hanyoyin ruwan jiki da wani naman gwari ke kawowa ta hanyar rauni, ƙuda, ko majayi da sirdin da aka yi aro. Ita kamarta ba ta ɓuya ga wanda ya taɓa gani: ƙuraje a jere a ƙafa ko ƙirji ko wuya kamar an ja carbi a ƙarƙashin fata, suna fashewa da mugunya mai kauri. Tana yaɗuwa tsakanin dawaki, kuma in an kama ta da wuri ana yi mata magani da aidin.

Tsutsar ciki da haƙori ba sai na ja ba. A kai kashinsa a duba, don maganin tsutsa na jabu ya yi yawa. A buɗe baki a ga turame. Doki mai kaifin haƙori yakan tauna harawa ya zubar da ita dunƙule-dunƙule. In dokin kili ne, ƙululai baƙaƙe a gindin wutsiya da gefen kunne wata sankara ce daban ta fata, wadda yawancin kilaye ke yi in sun manyanta.

Abin da zan roƙe ka shi ne abu biyu, kafin komai. Kada a yi wa ƙululan nan sakiya ko lalas. Na san al'ada ce, kuma maruru da ya nuna in an huda shi yana sauƙi. Amma kaluluwar sankara ba ruwa a cikinta, nama ne, in an ƙona shi an buɗe gyambon da ba zai rufe ba, ƙuda ya samu wurin zama, an kuma lalata naman da za a duba. Na taɓa zuwa kan wani doki a wani ƙauye da aka yi wa lalas wuri bakwai a wuya, har na rasa ƙulli ɗaya mai lafiya da zan yanka. Mai dokin ba mugunta ya yi ba, so ne da rashin wanda zai gaya masa. Abu na biyu, kada a yi masa allurar dekzametazon, wadda masu shagon magani ke kira dekza, ko wani magani danginta, sai an ɗauki nama. Irin waɗannan magunguna suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, ƙululai su ragu, doki ya ɗan warware, mai shi ya yi murna. Sannan in aka ɗauki nama a wannan lokaci sakamako ya fito a rikice. In kuma ba sankara ba ce, sammore ne ko naman gwari, to an karya garkuwar jikin dokin an ba cutar fili. In an riga an yi masa, ka faɗa wa likita rana da adadi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga yadda binciken yake tafiya in an bi shi daidai. Za a fara da jini: yawansa, ƙwayoyin sammore da na kaska, fararen ƙwayoyi, da sinadaran gina jiki. A limfoma akan ga jini ya ragu, sinadarin albumin ya yi ƙasa, wanda shi ne ke sa ruwa ya taru a ƙasan ciki, wani lokaci sinadarin kalsiyam ya hau. Amma ka sani, a mafi yawan dawaki masu limfoma ba a ganin ƙwayar sankarar a cikin jini. Saboda haka in an ce maka jini bai nuna sankara ba, ba a wanke dokin ba tukuna. Likita zai sa hannu ta dubura ya taɓa saifa da kaluluwar ciki. Wannan aikin likita ne shi kaɗai, don hanjin doki yana yagewa kuma yagewar tana iya kisa. In akwai na'urar sikanin a duba ciki da ƙirji. In ruwa ya taru a ƙirji a zuƙo shi, sau da yawa a nan ake ganin ƙwayoyin ƙarara.

Kai ka yi sa'a ta fuska ɗaya, ƙululan suna waje inda hannu ke kaiwa. Ana iya soka allura a zuƙo ɗan abu a shafa a gilashi, kuma wannan zai nuna in mugunya ce ko naman gwari. Amma ga limfoma ta doki allura kaɗai takan gaza, domin nau'in da ya fi yawa in an duba a madubin likita, 87 daga cikin 203 ɗin nan da na ambata, ƙwayoyin sankarar 'yan kaɗan ne a tsakiyar lafiyayyu masu yawa. Gara a kashe wurin da allura, dokin yana tsaye, a ciro ƙulli guda ko yanki mai kyau, a jefa a ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau goma. A haka zai yi tafiya ba ya lalacewa. Likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha zai iya ɗauka ya aika Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Ba sai an wahalar da dokin da doguwar tafiya a mota ba, naman ne zai je. A ganina kuɗin wannan gwaji bai kai abin da ake kashewa a allurar ƙila-wa-ƙala wata uku ba.

Game da goɗiyarka: limfoma ba ta yaɗuwa daga doki zuwa doki, ba ta kama mutum, ba a ɗaukarta a bokitin ruwa ko linzami. A shanu akwai wata ƙwayar cuta da ke haddasa irin wannan sankara, amma ta shanu ce. A doki ba a tabbatar da wani sanadi guda ba. Ba harawarka ba ce, ba kanwa ba ce, ba sakacin yaron da ke kula da shi ba ne, kuma don Allah kada a ɗora wa maƙwabci zargin baki ko sammu. Duk da haka ka raba musu turke da wurin shan ruwa da kayan hawa har sakamako ya fito, saboda sauran cututtukan da na lissafa su suna yaɗuwa. In wani ƙulli ya fashe, mai wanke shi ya sa safar hannu, a ƙone tsumman.

To in sakamako ya tabbatar fa? Ba zan ɓoye maka ba. Limfoma mai bazuwa, da ta hanji, da ta ƙirji, ba a warkar da su. Yawanci lokacin da alamu suka fito fili cutar ta yi nisa, abin da ya rage makonni ne zuwa watanni. Inda ake samun nasara ta gaske shi ne ƙulli guda a wuri guda da za a iya yankewa gaba ɗaya, sai kuma ta fata mai tafiyar hawainiya. A Amurka da Turai ana yi wa wasu dawaki magungunan sankara irin na mutane, ana haɗa biyu ko uku ana yi wata da watanni, kuma wasu sukan samu sauƙi na tsawon lokaci kafin ta dawo. Amma doki mai kilo 300 ko fiye yana shan magani mai yawa, sai an riƙa gwajin jini a kai a kai, kuma fitsarinsa da kashinsa suna zama haɗari ga mai sharar barga da yaran gida. A gidan ƙauye inda kaji da awaki da yara ke zagaya turke, ba zan ba ka shawarar wannan ba ko da kuɗin yana nan.

Abin da ake iya yi a nan shi ne sassauci. Bayan an tabbatar, likita zai iya ɗora shi a kan firednisolon na baki. A lura da sunan, don akwai ɗan'uwansa firednison wanda cikin doki ba ya tsotsarsa sosai. Yakan sa ƙululai su ragu, ci ya dawo, dokin ya ji daɗin jikinsa na wani lokaci. Ba a tsayar da shi kwatsam, a hankali ake ragewa. Kuma a riƙa taɓa kofato safe da yamma, don irin wannan magani yana iya jawo ciwon kofato mai tsanani; in ka ji zafi a kofaton, ko ka ga yana jingina baya yana tsoron taka ƙafafun gaba, a kira likita a ranar. A sauke masa sirdi gaba ɗaya, ba hawan Sallah ba hawan angwanci. Inuwa, ruwa mai tsabta a gabansa kullum, harawar wake mai laushi, dusa a jiƙe, kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Akwai maganar da masu doki ba sa so a yi, amma gara in yi ta. In ka ga ya daina ci kwana biyu ko uku, ko numfashi ya zama wahala yana tsaye, ko ciwon ciki yana dawowa magani ba ya riƙe shi, ko ya kwanta ya kasa tashi sai an ɗaga, to riƙe shi ya zama azaba gare shi. A nan ka zauna da likita kan yadda za a hutar da shi ba tare da wahala ba, in zuciyarka tana da shakka ka tambayi malaminku. Kuma kada dekza ta ɗan tayar da shi a kai shi Maigatari ranar Alhamis a sayar wa wani a matsayin lafiyayye. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu. Masu saye su kai kudu don nama ma dole a gaya musu magungunan da ke jikinsa.

Kafin likita ya zo, ka fara wani abu daga gobe wanda zai taimaka masa ƙwarai. Ka sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, ka riƙa auna shi ta dubura da sassafe da kuma bayan la'asar, kana tsaye a gefe ba a bayansa ba, ka rubuta. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyas. Ranar da ya haura 39, ranar ce ta ɗibar jini. Ka samu igiya ka auna zagayen ƙirjinsa inda majayi ke zama, ka ƙulla alama, ka sake duk Juma'a. Ka ɗauki hoton ƙululan da waya da ashana a gefe don a ga girma. Ka tattara kwalabe da kwalayen duk abin da aka taɓa ba shi, har da na gargajiya, a leda ɗaya. In sakamakon jinin ya fito ka aiko mini da shi tare da takardar zafin jikin, mu duba tare.